Ungozomar da Ta Karɓi Haihuwar Ruwa

Wanda bai taɓa hawa Tudun Raɓa ba, in na ce masa akwai garin da ake rufa da bargo biyu a tsakiyar bazara, cewa zai yi na fara zuba. To, can aka haife ni. Gari ne a ƙololuwar tsauni, inda gajimare ke shigo wa mutum ɗaki in ya bar ƙofa a buɗe, inda ake noman acca da rizga a gangare, an tare ƙasar da jerin duwatsu hawa-hawa. Abin da zan ba ku labari ya faru ina cikin cikin mahaifiyata wata tara. Daga bakin kakata na ji shi, Inna Kyauta ungozoma, tsohuwar da sau ɗaya tak aka taɓa jin ta ce ta yi kuskure.

Garin duka da idon ruwa guda yake sha, ana ce masa Idon Sanyi. Muna da wata al'ada a kansa. Idan cibiyar jariri ta faɗi, ungozoma ta kai ta bisa idon ta binne, ta dasa itace a kai. Itacen ya zama na yaron ke nan. Ba mai karya ko reshensa, don kowa ya yarda ranar da itacen ya faɗi, mai shi ma ya tafi.

Mutanen da can malmo suke dasawa, itacen bakin rafi mai 'ya'ya baƙaƙe. Amma malmo akwai nawar girma, sai yaro ya isa aure itacensa bai taka kara ya karya ba. Tsofaffin itatuwan kuwa, waɗanda masu su suka riga mu gidan gaskiya, baƙi masu haƙar kuza sun sare su tuntuni sun yi makamashi. Da kakata ta haifi mahaifiyata Lantana, bayan ta binne 'ya'ya huɗu, sai ta sauka kasuwar kwari ta dawo da dashen zaiti, dogon itacen turaren nan mai saurin girma. Kafin shekara biyar itacen Lantana ya kere kowane rufi a garin. Iyaye mata suka gani, kowacce ta ce ita ma irinsa take so wa ɗanta. Shekara ashirin da biyar kakata na dasa zaiti tana hura hanci, har suka haura ɗari biyu.

Sai Idon Sanyi ya fara ja da baya. Daga tulu ya koma ƙwarya, daga ƙwarya ya koma ludayi, shekara ta uku ya ƙafe ƙaf. Mata suna sauka kwari ɗibar ruwa tun asuba, ba su dawowa sai azahar. Mai unguwa Dogara ya tara mutane ya ce, "Ranar Alhamis kowa ya ɗaure kayansa, mu sauka. Tudun nan ya gama da mu."

Ranar Laraba da hantsi kakata ta ɗauki ƙwarya ta nufi idon, wai ko za ta sami abin jiƙa maƙoshin Lantana, don cikin ya tsufa, kuma ta san mai ciki wata tara ba ta iya sauka gangaren nan lafiya. Ta durƙusa tana tonon busasshen yashi, sai ta ji nishi daga cikin dutse. Ita da ta shekara talatin tana jin irin nishin nan, ba sai an gaya mata ba: naƙuda ce.

Sai ga wata kaguwa ta fito daga ramin, faɗinta ya kai faifai, da farin gemu har ƙasa. Ta ɗaga ƙahon hannunta ta ce, "Aminci ya tabbata gare ki, ya ke mai yanke cibiya."

Kakata ta ce, "Kaguwa da gemu! Yau na ga ta kaina. Tare da ke, baiwar Allah. Wa ke nishi?"

"Uwar Tsauni ce ke kan gwiwa, shekara uku ke nan. In rana ta faɗi yau ba ta sauka ba, abin da ke cikinta ya mutu, ba kuwa za a ƙara ganin ɗigon ruwa a tudun nan ba har abada."

"Shekara uku! Sai yau kuka ga damar kiran ungozoma? Ashe ku da mutane duk halinku ɗaya." Ta laluba haɓar zanenta ta ji askarta na nan, ta ce, "Wuce mu je."

Kaguwa ta ƙwanƙwasa dutsen sau uku, bakin idon ya wage kamar ƙofar zaure. Suka shiga, kaguwa na tafiyarta a karkace, kakata na biye tana mitar gwiwa.

Ba su yi nisa ba suka ɓulla wata ƙasa mai hasken safiya, ba rana ba wata. Gangare ne da ba a ganin ƙarshensa, an jera masa duwatsu hawa ɗari uku, mutane birjik suna hawa da kwanduna cike da ƙasa. Ba mai magana, sai huci. Wata tsohuwa gajeriya ta tare hanya da sanda.

Ta ce, "Ya ke 'yar baya, dakata. Mu ne Mutanen Farko. Mu muka tsero wa mahara muka hawo tudun nan, ba mu tarar da komai ba sai dutse da sanyi. Duk ƙasar da kuke nomawa, da wuyanmu muka hawo da ita daga kwari, ruwan sama na mayarwa muna sake hawowa. Nan ba a hawa hannu rabbana."

Kakata ta ce, "Iya, ni fa haihuwa aka kira ni."

"Ko mutuwa aka kira ki."

Aka ɗora mata wani tsohon kwando, duk jikinsa gansakuka kore shar, cike da baƙar ƙasa mai danshi. Kakata ta ce nauyinsa ya fi na buhun tamba. Ta kama hawa, tsohuwar na gefenta. A hawa na ɗari gwiwarta ta fara ƙara, a na ɗari biyu ta daina mita don ba sauran numfashin yi.

Tsohuwar ta ce, "Ni na yanke cibiyar jaririn farko a tudun nan, ni na dasa masa malmo. Har yau kuna dasawa?"

Nan fa kakata ta sami numfashi. Ta ce, "Haba Iya, ai an ci gaba. Zaiti muke dasawa yanzu, ni na kawo shi. Shekara biyar ki ga itace sambal, sai kin ɗaga kai."

Duk masu kwandunan suka tsaya cik, suka juyo suna kallonta. Tsohuwar ta daɗe tana dubanta, sa'an nan ta ce, "Riƙe kwandon, kada ki ajiye. Za ki buƙace shi." Kakata ta ɗauka sha'awarta suke yi, har ta ƙara miƙe wuya.

Daga hawa na ƙarshe sai hanya ta yanke a bakin wani tafki kore, shiru, ba kifi ba kwaɗo, gaɓarsa jajawur ba ko tsinken ciyawa. Kaguwa ta maƙale bayan ƙafar kakata ta ce, "Wannan ramin masu kuza ne. Ramau ke ciki. Ni dai ban ce komai ba."

Ruwan ya dare, wani ifiritu ya taso, kansa na taɓa sama, bakinsa kuwa rami ne da ba a ganin ƙasansa. Ya ce da murya mai girgiza ƙasa, "Ya ke 'yar Adam, me kika zo ɗiba? Kakanninki da baƙinsu sun zo da diga da shebur, suka yashe cikina suka tafi. Tun daga ranar duk wanda ya tsaya a bakina sai na haɗiye shi. Na haɗiye shanu, na haɗiye masu wanka. Yau ke ce."

Kakata ta ja da baya za ta gudu. Amma da ya sunkuyo sai ta ga haƙarƙarinsa, duk a ɗaye, jan gyambo ne tun daga hammata har ƙugu, yana tsiyaya. Ita kuwa ba ta iya ganin ciwo ta kau da kai, ko na wane ne.

Ta ce, "Ɗiba? Ka ga alamar ina da sauran wuyan ɗaukar wani abu? Kai, wa ya bar ka da wannan ciwo a buɗe? Matso nan. Matso mana, ƙato da kai kana noƙewa!"

Mamaki ya hana ifiritun haɗiye ta. Ta dumbuzi baƙar ƙasar kwandon ta shafa masa a gyambon, ta danna da tafin hannu yadda take gasa cibiya. Nan take ciyawa ta tsiro a wurin, kore, har da wani ɗan fure rawaya.

Ramau ya dubi furen, ya fashe da kuka. Ya ce, "Shekara ɗari ana ɗiba a jikina, ba wanda ya taɓa mayar mini da ko cikin cokali. Hau tafina, ya ke ma'abuciyar kwando."

Ya ɗauke su ita da kaguwa, ya miƙa hannu sama, ya yi ta miƙawa har suka huda rufin ƙasar, ya dire su a wani fili fari fat. Sanyin wurin kakata ta ce har haƙora yake shiga. Ga shanu nan garke-garke, ba iyaka, ashe gajimare ne, masu tozo da ƙaho, hantsarsu ta cika tam suna kukan ciwo. Wata aljana doguwa mai kitso har gadon baya tana tsaye a tsakiyarsu, ta rataya sanda a kafaɗa.

Ta ce, "Ya ke baƙuwa, ni ce Makiyayiyar Gajimare. Mai naƙudar da za ki gani ta galabaita, ba za ta kai la'asar ba sai ta sha nonon waccan." Ta nuna wata baƙar saniya da walƙiya ke gilmawa tsakanin ƙahonninta. "Ki tatso ƙwarya guda. In kin kasa, nan za ki daskare."

Kakata ta ajiye kwando, ta tsuguna, ta cafki hantsa ta ja. Saniya ta yi tsawa, ta harbo ta da ƙanƙara. Haƙorin nan nata na gaba da babu, wanda nake tsokanarta da shi, can ta baro shi. Ta sake ja, ta sake shan harbi. Yatsunta suka sandare, ta zauna tana hura musu iska, hawaye na daskarewa a kuncinta.

Tana zaune sai ta ga saniyar ta matso kwandon, tana goga wuyanta a jikin gansakukar tana lumshe ido. Kakata ta yi wuf ta ɓanɓaro gansakukar, ta shiga sosa mata wuya da ciki a hankali. Sai ga nono na ɗiga da kansa, ɗis, ɗis, har ƙwarya ta cika da ruwa garai-garai.

Makiyayiya ta ce, "Haka ake tatsarsu, ba a ja. Da can kullum safiya nakan koro su bisa idonku, su yi ta goga jiki a rassan malmo masu gansakuka, nonon na bin saiwa yana gangara wa Uwar Tsauni. Yanzu wasu dogaye ne a wurin, sulɓi gare su, ba wurin susa. Abin da ya ɗiga ma su ke shanyewa, har su bi ƙasa su ƙwace na ajiya. Ko wace marar kan gado ce ta dasa su, oho."

Kakata ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryarta da kwandonta. Wannan ne karo na farko da wani ya yi magana ba ta mayar ba.

Baƙar saniya ta durƙusa, suka hau, ta gangara da su ta wata kafar dutse har cikin cikin tsauni. Can suka tarar da Uwar Tsauni, mace ce ta dutse, girmanta ya cika kogon, ta durƙusa tana nishi. Kakata ta ɗura mata ruwan ƙwarya, ta naɗe hannun riga ta duba. Kan jariri ya riga ya fito, jaririn ruwa ne tsantsa, ana ganin hannu ta cikinsa. Amma wuyansa a shaƙe yake. Igiyoyi sun sauko daga rufin kogon sun nannaɗe shi, fiye da ɗari biyu, kowacce na tsotsa.

Ta taɓa ɗaya, ta ji ƙamshin zaiti, ashe saiwoyin itatuwan ne. Ta san su duka, don hannunta ya binne abin da ke bisa kowacce. Ga ta ɗan Dogara, ga ta tagwayen gidan maƙera. Wadda ta fi kauri, wadda ta zagaye wuyan sau uku, ta Lantana ce.

Kakata ta zube ƙasa ta ce, "Wayyo ni Kyauta! Ni ce. Ni na shaƙe shi da hannuna, ina ta yawo ina alfahari."

Ta zaro aska, Uwar Tsauni ta ce, "Mayar da askarki, ya ke ungozoma. In kin yanke daga nan, kafin gobe sun sake tsirowa. Daga sama ake sarewa, a gaban masu su. Ki fara da babbar."

"Ta 'yata ce. Ita kaɗai ta rage mini, ga ta da tsohon ciki. Ya ke Uwar Tsauni, ki gaya mini gaskiya: in na sare, za ta mutu?"

"Ni dutse ce. Rai ba a hannuna yake ba, yana hannun Wanda ya halicce ni ya halicce ki. Ba zan yi miki alkawarin abin da ban mallaka ba. Abin da na sani, in rana ta faɗi, nawa ɗan ya mutu."

Kaguwa ta ƙwanƙwasa bango, sai ga kakata a bakin Idon Sanyi, da kwando a ka, rana ta karkata zuwa la'asar.

Ba ta biya ko'ina ba sai gida. Ta tarar an ɗaure kaya a tsakar gida, Lantana na zaune bisa tabarma, ƙafafunta sun kumbura. Kakata ta durƙusa gabanta ta zayyana mata komai, ba ta rage ba. Lantana ta ce, "Inna, in muka kama gangaren nan gobe, kin san ba zan kai ƙasa ba. Ɗauko gatarin. Kama ni in tashi, a gabana za ki sare."

Kafin su isa bakin idon, gari ya ɗauka. Mai unguwa Dogara ya zo da gudu, rawaninsa na warwarewa, ya ce, "Kyauta, kin haukace? Ke da kika binne huɗu, ki kashe ta biyar da hannunki?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, itatuwan nan su suka shanye idon. Ni na kawo su, kuskurena ne. Da nawa zan fara, ba na taɓa na kowa."

Mata suka kama salati, wasu suka rufe ido. Kakata ta ce ba ta taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko a gaban Ramau. Ta yi bisimilla ta kai sara. Tana sara tana kuka, tana waiwayen 'yarta, Lantana na cewa, "Sara, Inna, ina nan." Da hannunta ya gaji, mahaifina ya karɓa. Itacen ya yi ƙara, ya karkata, ya faɗi rim.

Lantana ta ƙwalla ƙara ta dafe ciki ta durƙushe.

Wuri ya kaure da kururuwa, ana "Ta tafi! Ta tafi!" Kakata ta ture mutane ta taɓa cikin, sai ta fashe da dariya, hawaye shaɓe-shaɓe, ga giɓi a waje. Ta ce, "Tafiya ina? Naƙuda ce, ku ba mu wuri! Maza ku juya baya, mata ku kawo zannuwa!"

Aka kewaye su da zannuwa a gindin kututturen. Dogara ya tsaya yana jin muryar Lantana tana nishi da ƙarfinta, rai a jikinta. Ya dubi ɗansa, saurayi, ɗan ya gyaɗa kai. Ya ɗauki gatarin ya nufi nasu itacen. Daga nan sai gatura suka fito daga cikin kayan da aka ɗaure, kowa ya kama nasa, iyaye na sara, masu itatuwan na tsaye suna taɓa jikinsu suna dariya.

Rana na dab da taɓa bakin tsauni na faɗo duniya. Kakata ta yanke mini cibiya, ta ɗaga murya ta ce, "Ruwa! A samo mini ko ludayi ne!" Wata mata ta ruga idon don dai a ce ta je, sai ta kurma ihu. Yashin ya yi baƙi da danshi, ga wani siririn ruwa yana fitowa daga dutsen, bai fi kaurin tsinke ba. Da shi aka yi mini wankan farko, an ce na tsala kuka don sanyinsa. Shi ya sa ake ce mini Anaruwa, ko da yake ranar ko ɗigo bai sauko daga sama ba.

Alhamis ta zo, ba wanda ya sauka. Aka kwance kaya.

Ranar da cibiyata ta faɗi, kakata ta juye sauran ƙasar kwandon nan a bisa idon, sai ga 'ya'yan malmo a ciki, baƙaƙe, sun fi a ƙirga, har sun fara tsaga. Kowa ya ɗauki ɗaya ya dasa a gefen kututturensa. Kakata ta binne cibiyata ta dasa mini nawa, ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Yau in kun hau Tudun Raɓa da sassafe za ku ga gajimare kwance a kan malmonmu, rassan na ɗiga, Idon Sanyi na cika tulu kafin mace ta gama gaisawa. Kakata ba ta ga wannan ba. Nawa bai wuce ƙugunta ba Allah ya karɓi abarsa, kuma har yau in na zauna a inuwarsa kewarta nake ji.

Mahaifiyata, wadda ke nan da ranta har da jikoki, ta ce ta gaya wa kakata haka tun ranar dashen. Ta ce, "Inna, kin san ba za ki ga tsawon wannan ba."

Kakata ta karkaɗe ƙasar hannunta ta ce, "Na ga tsawon zaiti, ya ishe ni. Miƙo ruwan in ba shi."